Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

A wannan karo za mu tattauna ne a kan wata 'yar gajeruwar tambaya da likita kan yi wa majinyaci kafin a shiga da shi ɗakin tiyata, wadda yawancinmu muke amsawa da girgiza kai kawai ba tare da mun tsaya mun yi tunani ba. Tambayar ita ce: akwai wani magani ko wani abinci da bai karɓe ka ba?

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanakin baya aka aiko yaro ya kira mu wani gida a nan Krofrom, kusa da tashar motocin arewa. Ɗan gidan saurayi ne mai shekara 27, yana zaune a Jamus, kuma tun yana ƙarami ba shi da abin so kamar ƙwallo. Ciwon kwatangwalo ya matsa masa har ya hana shi wasa, likitocin can suka duba suka sa ranar yi masa aiki, suka ba shi takarda ya cika. Da ya zo kan wannan tambaya sai ya tsaya, ya bugo waya gida ya ce, "Mma, wane magani ne kuka ce bai karɓe ni ba ina yaro?" Mahaifiyar ta ce wata allura ce aka yi masa a ɗuwawu. Mahaifin ya ce a'a, fenisilin ne, da kunnensa ya ji nas ta faɗa. Goggonsa kuwa ta rantse cewa ƙwayar zazzaɓi ce mai ɗaci, domin ita ta kwana tana sosa masa jiki. Katin asibitin yaron ya ɓace tun lokacin da suka tashi daga tsohon gidansu na Aboabo. To, ga amsa uku ga tambaya ɗaya, ga kuma ranar aiki tana matsowa. Sai aka ce a kira Malam ya rubuta duka ukun a aika, kada a yi asara. Muka ce a dakata tukuna, domin rubuta duka ukun ma yana da tasa asarar.

Irin aikin da za a yi masa

Kafin mu ci gaba, bari mu bayyana aikin kansa, domin ba kowa ne ya taɓa jin labarinsa ba. Gaɓar kwatangwalo kamar turmi ce da taɓarya. Kan ƙashin cinya a dunƙule yake, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu, kuma bakin gurbin yana da leɓe na guringuntsi da ke zagaye da shi yana riƙe ƙashin. A wajen wasu mutane, musamman waɗanda suka yi wasa mai tsanani lokacin da ƙashinsu yake girma, kan ƙashin yakan fito da ɗan tudu, ko kuma bakin gurbin ya zarce, sai su riƙa gugar juna duk sa'ad da mutum ya tsuguna ko ya daɗe a zaune. A hankali sai leɓen nan ya yage, ciwo ya riƙa suka a matsematsi. Wani likita a ƙasar Suwizalan mai suna Reinhold Ganz, shi da abokan aikinsa, su ne suka bayyana wannan matsala dalla-dalla a 2003.

A da, sai an tsaga cinya an fito da ƙashin daga gurbinsa kafin a gyara. Yanzu kuwa akwai tiyatar huji, wadda Turawa ke kira tiyatar kafar makulli saboda ƙanƙantar wurin da ake shiga. Bayan an sa majinyaci barci, sai na'ura ta ja ƙafarsa a hankali har gaɓar ta ɗan buɗe, likita ya huda kafa 2 ko 3, kowace kamar santimita 1, ya zura kyamara mai kaurin fensir ta ɗaya, kayan aiki ta sauran. Yana kallon allon talabijin yana kankare tudun, yana ɗinke leɓen da ya yage. Tun a 1931 wani likita a Amurka, Michael Burman, ya gwada leƙa gaɓoɓi da irin wannan madubi a jikin gawarwaki, ya ga kwatangwalo ta fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa. Sai daga shekarun 1980 abin ya fara yiwuwa sosai. A yau aikin yakan ɗauki awa 1 zuwa 2, mutum ya koma gida ranar ko washegari, ya yi 'yan makonni da sandunan dogarawa, sannan ya yi watanni yana zuwa sashen gashin ƙashi. A 2018 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila kan majinyata 348, inda aka yi wa rabi tiyatar, rabi kuma aka tsaya kan motsa jiki a hannun ƙwararru. Bayan shekara guda duka ɓangarorin biyu sun samu sauƙi, amma waɗanda aka yi wa tiyatar sun ɗan fi.

A nan gida akwai wasu hanyoyin da kwatangwalo ke kai mu gaban likitan ƙashi. Akwai haɗarin mota da na babur, akwai faɗuwar tsofaffinmu a makewayi, akwai kuma amosanin jini, wato sikila, wanda 'yan'uwanmu Asante ke kira ahotutuo. Kimanin jarirai 2 cikin kowane 100 da ake haifa a Gana suna zuwa da wannan ciwo, kuma a nan Kumasi aka fara gwajin jarirai dominsa a 1995, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Sikila yakan toshe hanyar jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ƙashin ya mutu ya lotsa. Idan ya kai haka, tiyatar huji ba ta da amfani, sai dai a sauya gaɓar gaba ɗaya. To, ko aikin huji ne a Jamus ko Indiya, ko aikin tsagawa ne a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda iyayenmu ke kira Gee da sunan kamfanin da ya gina shi a 1954, ko a St. John of God na Duayaw Nkwanta, ko St. Joseph na Koforidua, ko FOCOS na Pantang a Akra, tambayar nan guda ce. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin abubuwa 19 da ake son a tabbatar a kowace tiyata, kuma wannan tambaya tana cikin waɗanda ake yi kafin a sa mutum barci. Da aka gwada jerin a asibitoci 8 na ƙasashe daban-daban, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-macen bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa kashi 0.8.

Abin da masu bincike suka gano

Wani zai ce to ai da sauƙi, mutum ya lissafa duk abin da yake zargi, likita ya guje musu. Nan ne gizo ke saƙa. A 2014 wasu likitocin ƙashi a jihar Iowa ta Amurka suka bi diddigin mutanen da aka sauya wa gaɓar kwatangwalo ko gwiwa, suka ga waɗanda suka rubuta abubuwa 4 ko fiye da ba su karɓe su ba, sauƙin da suka samu bai kai na sauran ba. A 2015 aka ga irin haka a wani babban asibitin ƙashi na birnin Niyok mai suna Hospital for Special Surgery, wanda ɗan garinmu Farfesa Oheneba Boachie-Adjei ya yi shekaru yana aiki a ciki kafin ya buɗe asibitin FOCOS a 2012. Daga baya likitocin wannan asibiti na Niyok suka duba waɗanda aka yi wa tiyatar huji ta kwatangwalo, nan ma suka ga masu irin wannan lissafi sun fi kukan cewa ba su warware yadda suke so ba.

Kada mai karatu ya ɗauka an ce borin jini ne yake hana ƙashi warkewa. Abin da aka gani shi ne abubuwan biyu suna yawan tafiya tare, kuma akwai dalilai da za a iya fahimta.

Dalili na farko ya shafi maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake yi wa majinyaci allurarsa daf da fara aiki, domin kada miki ya ruɓe. Wanda ya fi inganci a aikin ƙashi shi ne sefazolin, kuma dangin fenisilin ne na nesa. Da zarar an ga an rubuta a kati cewa fenisilin bai karɓi mutum ba, likitoci da yawa sai su ji tsoro su koma kan wani magani da bai kai shi ƙarfi ba. A 2018 aka buga wani bincike daga babban asibitin Massachusetts da ke Boston kan majinyata 8,385. Daga cikin masu cewa fenisilin bai karɓe su ba, kashi 12 cikin 100 ne kawai suka samu sefazolin, alhali sauran jama'a kashi 92 ne suka samu. Sakamakon haka haɗarin ruɓewar miki a wajensu ya ɗara na sauran da kusan rabi. Abin takaicin shi ne, a ƙasashen da aka yi ƙidaya, kusan mutum 1 cikin 10 yana ɗauke da wannan tambari, amma idan aka yi gwaji sai a tarar fiye da 9 cikin 10 nasu suna iya shan fenisilin lafiya lau. Hatta waɗanda abin ya taɓa kamawa da gaske, kimanin kashi 80 cikin 100 jikinsu yakan manta bayan shekara 10.

Dalili na biyu ya shafi maganin zafi. Bayan tiyatar huji likitoci sukan ba da wani magani daga dangin asfirin da diklofenak na wasu kwanaki, domin rage raɗaɗi da kuma hana wani ƙashi tsirowa cikin naman da aka bi aka shiga. Wanda ya soke wannan dangi gaba ɗaya don kawai ya taɓa shan ƙwaya ɗaya da yunwa ta ƙona masa ciki, ya rufe wa likita ƙofa. Mai jin zafi ba ya motsa ƙafa yadda aka umarce shi, gaɓar da ba a motsawa kuwa sandarewa take yi.

Dalili na uku shi ne fargaba. Mutumin da ya taɓa wahala da magani yakan shiga asibiti zuciyarsa a tsinke, yana zargin kowace ƙwaya, yana sauraron kowane motsi na jikinsa. An daɗe da sanin cewa damuwa da rashin barci suna ƙara wa mutum jin ciwo. Wannan ba abin dariya ba ne, ba kuma abin zargi ba ne. Magana ce da ya kamata a gaya wa likita kamar sauran.

Sai dai kuma kada mu gudu daga ruwa mu faɗa wuta. Yin shiru ya fi yawan lissafi haɗari. A 2018 ƙungiyar likitocin sa barci ta Birtaniya ta fitar da rahoton shekara guda na majinyata 266 da mummunan borin jini ya kama a ɗakin tiyata, 10 daga cikinsu suka rasu. Abin yana faruwa kamar sau 1 cikin aiki 10,000. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne suka zo kan gaba wajen jawo shi, sai magungunan sassauta tsoka da ake haɗawa da na barci, sai wani ruwan wanke fata mai suna kuloheksidin. Mutumin da ke barci ƙarƙashin mayafin tiyata ba zai iya cewa maƙogwarona ya shaƙe ba. Abin da ya faɗa tun yana farke shi ne zai yi magana a madadinsa.

Kalma ɗaya, ma'ana huɗu

Matsalarmu mu Hausawan Zango ita ce, kalmar "bai karɓe ni ba" buhu ce da muke zuba komai a ciki. Ya kamata mu zazzage buhun nan mu ware kayan gida huɗu.

Na farko shi ne borin jini na gaskiya mai saurin zuwa. Cikin 'yan mintoci zuwa awa guda da shan magani ko yin allura, jiki ya yi rudu-rudu da ƙaiƙayi, leɓe ko harshe ko fatar ido su kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana shewa, mutum ya ji jiri ko ya faɗi. Wannan yana kisa, kuma maganinsa na gaggawa allurar adirenalin ce a asibiti. In ya faru a gida, a kira 112 ko a ɗauki mutum nan take, ba a jira a ga abin da hali zai yi.

Na biyu shi ne mai zuwa a makare, bayan kwanaki ko makonni da fara magani, inda zazzaɓi ke rufe mutum, fata ta yi bororo tana saluɓewa kamar ƙuna, baki da idanu su yi gyambo. Magunguna irin su Septrin da Fansidar suna cikin waɗanda aka sani da wannan. Duk wanda ya taɓa ganin haka a jikinsa, shi da wannan magani har abada, kuma wajibi ne kowane likita ya sani.

Na uku shi ne illar magani ta yau da kullum, wadda ba borin jini ba ce: tashin zuciya ko amai bayan tiramadol ko kodin, gudawa bayan amoksisilin, ƙunar ciki bayan asfirin, jiri bayan allura saboda tsoro. A nan ne ƙaiƙayin kulorokwin yake, wanda duk wanda ya girma kafin ƙasarmu ta sauya maganin zazzaɓin cizon sauro a 2004 ya san shi. Ƙaiƙayi ne mai hana barci, ya fi kama baƙar fata, amma ba ya zuwa da kumburi ko shaƙewa, kuma ba shi da wata alaƙa da fenisilin. Haka nan ƙurajen da kan feso wa yaro yana cikin zazzaɓi, sau da yawa ciwon ne ya kawo su, sai a ɗora wa maganin laifi.

Na huɗu shi ne abin da aka haifi mutum da shi, wanda ke sa wasu magunguna su cutar da shi. Misali shi ne ƙarancin wani sinadari a jini da likitoci ke kira G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman a tsakanin maza. Mai wannan hali in ya sha wasu magunguna, ko ya shaƙi kafur ɗin da ake sa wa cikin akwatin tufafi, jininsa yakan farfashe, idanu su yi rawaya, fitsari ya koma kamar baƙin shayi. Mai sikila da mai asma su ma nan suke. Wasu masu asma da sun sha asfirin ko diklofenak sai ƙirji ya riƙe.

Akwai kuma abubuwan da ba ma tunawa sam domin ba haɗiye su ake yi ba. Robar safar hannu ta likita tana tayar wa wasu da borin jini, kuma irin waɗannan mutane sau da yawa bakinsu yakan yi ƙaiƙayi in sun ci ayaba ko fiya, wadda muke kira paya a nan. Akwai waɗanda filasta ke bar wa jan tabo daidai faɗinta. Akwai waɗanda aidin ke ƙona wa fata. Akwai matan da ɗan kunnen kasuwa ke sa wa kunne ruwa, da mazan da bayan agogo ko kan bel ke yi wa ƙuraje, wanda yawanci ƙarfen nikel ne ke jawowa, kuma likitan da zai sa ƙarfe a jiki yana son ya ji wannan. Sannan ga jiƙe-jiƙe da sassaƙe da magungunan kwalba da muke saye a tasha da cikin mota. Wasunsu suna tsinka jini, wasu suna karo da maganin barci. Likitocin sa barci sukan so a dakatar da su kamar mako 2 kafin aiki, to yaya za su ce a dakatar in ba a gaya musu ana sha ba?

Harshe da kunya

Mu a Kumasi muna da wani ƙarin nauyi. Tsohuwa ta je asibiti da Hausa a bakinta, nas tana jin Turanci da Asante, tafinta kuwa jika ne ɗan aji biyar. Tsohuwa ta ce, "Ƙwayar nan tana tayar mini da zuciya." Yaro ya juya ya ce maganin ba shi da kyau a jikinta. Nas tana da layi a bayanta, sai ta rubuta kalma ɗaya da jan biro a bangon kati, shi ke nan tambari ya zauna har ƙarshen rayuwa. Wani lokaci kuma akasin haka ake samu. Dattijo ya taɓa suma bayan allura a ƙauye shekara 30 da suka wuce, amma da aka tambaye shi sai ya ce babu komai, don yana ganin yawan bayani raki ne, ko yana tsoron kada a ɗage masa aikin da ya daɗe yana tara wa kuɗi. Ga kuma matan da ke jin nauyin ambaton wasu abubuwa a gaban ɗa ko suruki. Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan za a raka majinyaci ganin likitan tiyata, a nemi babban mutum mai jin harsunan biyu, wanda majinyacin ba ya jin kunyarsa, kuma a bar majinyaci ya faɗi abin da ya faru da bakinsa, tafinta ya mayar da shi yadda yake ba tare da ya taƙaita ba.

Shawararmu ga kowane gida

A sayi littafin rubutu na 'yan makaranta guda ɗaya, a ba kowane mutum na gida shafinsa. Duk abin da ake zargin bai karɓi wani ba, a rubuta amsar tambayoyi biyar a kansa. Mene ne sunan abin, kamar yadda yake a jikin kwali? A wace shekara abin ya faru? Me aka gani a jiki, kumburi ne, ƙaiƙayi, amai ko suma? Bayan minti nawa ko kwana nawa da shan maganin? An kwantar da mutum a asibiti, kuma ya sake shan maganin ko ɗan'uwansa daga baya lafiya? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai, domin mutane da yawa da ke cewa fenisilin bai karɓe su ba sun sha amoksisilin sau da dama ba tare da sun san gida ɗaya suka fito ba.

A ajiye kwalin maganin, ko a ɗauki hotonsa da waya. A je da littafin duk ranar ganin likita, a nuna wa likitan tiyata, a kuma nuna wa mai sa barci, kada a ce ai an riga an gaya wa wani. In akwai shakka, a tambayi likita ko za a iya yin gwaji kafin ranar aiki. Gwajin nan aikin asibiti ne inda ake da kayan ceto a kusa. Kada wani ya karanta wannan fili ya je kantin magani ya sayi ƙwaya ya ce zai gwada kansa a ɗaki.

Bayan an dawo gida kuma, a lura da mikin. Jan tabo mai ƙaiƙayi wanda ya bi siffar filasta daban yake da miki mai zafi da kumburi da ruwa ko mugunya tare da zazzaɓi. Na farko yawanci fata ce ta ƙi filastar, na biyu alamar ruɓewa ce, kuma dukansu asibiti za a koma da su. Kada a ƙara wani maganin zafi a kan wanda aka rubuta. Kada a shafa man zafi ko haɗin gargajiya a kan ɗinki. Masu ɗori suna da matsayinsu a cikin al'ummarmu, amma gaɓar da aka ɗinke daga ciki ba ta son murza da ja. A riƙe sanduna har ranar da aka ce a ajiye, a kuma cika kwanakin gashin ƙashi ko da an ji sauƙi, domin sannu ba ta hana zuwa.

Yadda muka ƙare a gidan

To, bari mu koma kan saurayinmu. Mun zauna a tsakar gida da iyayen da goggon, muka bi tambayoyin nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Allurar da mahaifiyar ta tuna, ashe wurin ne ya yi ƙurji ya yi kwanaki yana ciwo. Fenisilin da mahaifin ya ji, shi ne maganin da aka ba yaron don warkar da ƙurjin, kuma ya shanye shi ƙalau. Ƙwaya mai ɗaci ta goggo kuwa kulorokwin ce, ƙaiƙayinta irin wanda kowa ya sani. Muna shirin tashi sai muka tambaya ko akwai wani abu da ba magani ba da ya taɓa kumbura masa jiki. Goggo ta yi shiru, can ta ce, "Af! Malam, ai duk Sallah in ya hura balan-balan sai leɓensa ya yi suntum, har muna yi masa tsiya." Mahaifiyar ta ƙara da cewa ayaba ma ba ya ci, wai tana sosa masa maƙogwaro. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin ciwo, shi kansa ya manta.

Muka rubuta komai yadda aka faɗa, aka ɗauki hoton takardar aka tura masa. Likitocin can suka ɗebi jininsa suka gwada, suka tabbatar roba ce ba ta karɓe shi ba. Aka yi masa aikin da safar hannu da kayan da babu irin wannan roba a ciki, aka kuma yi masa allurar sefazolin ba tare da wata matsala ba. A lokacin da muke wannan rubutu ya ajiye sanda ɗaya, yana dogara ɗaya. Da an bi shawarar farko an aika da sunayen magunguna uku, da an hana shi abin da zai amfane shi, an kuma bar abin da zai iya halaka shi a hannun likita.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ɗaga kai ya duba. Muna roƙon kowane magidanci da kowace uwar gida da suka karanta wannan su zauna da tsofaffin gida tun suna da rai da tunani, a tambaye su, a rubuta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa.